Haɗa Kwamfutar Wasa Ta Farko Ga Mai Ƙaramin Ƙarfi



Ina godiya ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai da suka ba ni wannan dama, ko da yake na sani a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi ni sanin kwamfuta nesa ba kusa ba. Abin da ya ba ni ƙarfin halin tsayawa gabanku shi ne, na taɓa haɗa kwamfuta da kuɗin da na yi shekara biyu ina tarawa, ta kuma ƙone a gabana kafin ta cika wata uku, saboda kuskuren da ni ne na jawo shi. Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Idan mutum ɗaya daga cikinku ya tsira da kuɗinsa saboda jawabin nan, to, tsayuwata ba ta tashi a banza ba.

Na san wasu manyanmu za su ce, me ya haɗa ɗalibi da kwamfutar wasa? Tambayar tana kan hanya. Amsata ita ce, na'urar da ke iya ɗaukar wasannin zamani ita ce dai ke ɗaukar zanen gine-gine da na injiniya, da tace hotuna masu motsi, da sauran ayyuka masu nauyi da ake ba mu a aji. Wanda ya haɗa ta da hannunsa kuwa ya koyi sana'a. Amma fa kuɗin ba kaɗan ba ne. Duk kayan nan daga waje ake shigo da su, da dala ake sayensu. Kafin watan Yuni na 2023, lokacin da aka saki Naira ta nemi matsayinta a kasuwa, dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai Naira 500 ba, amma cikin watan Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Saboda haka kuskuren da ɗan Turai zai yi ya ɗaga kafaɗa ya wuce, mu a nan yana iya cinye kuɗin makaranta na shekara guda.

Magana ɗaya nake so ku tafi da ita, sauran duk bayaninta ne. Kwamfuta tamkar ayari ce, tafiyarta ba ta wuce ta dabbar da ta fi rauni. Mai ƙaramin ƙarfi lalle ne ya raba kuɗinsa yadda kowane kaya zai dace da ɗan'uwansa, ya kuma dace da irin wutar lantarki da zafi da ƙurar da muke zaune a cikinsu.

Abu na farko, kafin ka taka kasuwa, ka zauna ka rubuta wasannin da kake nufin yi. Mafi yawanmu a ɗakunan kwana ƙwallon ƙafa muke yi, wato eFootball, wanda ya gaji PES a 2021, da EA Sports FC, wanda ya gaji FIFA a 2023, sai kuma irin su GTA V da Valorant da Counter-Strike 2. Babu ɗaya daga cikinsu da ke bukatar na'ura mai tsada ƙwarai. Sa'an nan ka tsai da shawara kan allon kallo. Shawarata ita ce allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wanda ake kira 1080p. Kada ka ga kamar ka koma baya, domin ƙididdigar da dandalin Steam ke fitarwa kowane wata ta nuna a 2024 fiye da rabin masu wasa a dandalin a kan irin wannan allo suke. Allon 4K ya ninka shi huɗu a yawan ɗigo, ma'ana katin hoto zai yi aiki ninki huɗu kafin ya cika shi, aljihunka kuma shi zai biya.

Abu na biyu shi ne katin hoto, wato sashen da ke zana duk abin da ido ke gani a kan allo. A nan ne wasa yake, a nan kuma ya kamata kaso mafi tsoka ya tafi. A ganina, kamar kashi 40 cikin 100 na kuɗin na'urar bai yi yawa ba. Bari in ba da misali da katuna biyu da suka fito a 2021, kowanne a kan dala 329. Na ɗaya shi ne RTX 3060 na kamfanin Nvidia, mai ma'adana gigabait 12, yana shan wuta wat 170. Na biyu RX 6600 na kamfanin AMD, mai gigabait 8, yana shan wat 132. A kan allon 1080p tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa, don haka wanda ka samu da sauƙi ka ɗauka, sai dai idan karatunka ya shafi manhajojin zane da suka fi tafiya daidai da katin Nvidia. Abin da zan ja kunnenku a kai shi ne ma'adanar katin. Kati mai gigabait 4, kamar GTX 1650 na 2019, ya yi zamaninsa, sababbin wasanni sun fara fin ƙarfinsa. Gigabait 8 shi ne mafi ƙarancin abin da ya dace a saya.

Abu na uku shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, tare da madabod, babban allon da ake kafa dukkan sauran kaya a kansa. Waɗannan biyu tare ake zaɓensu, domin kowace furosesa tana da irin mazaunin da take shiga. A nan ne 'yan'uwa da yawa ke ɓarnar kuɗi. Mutum ya ji ana yabon Core i7 ko Ryzen 9, sai ya zuba rabin kuɗinsa a kai, ya dawo ya sayi kati mara ƙarfi, ya zama kamar wanda ya ɗaura wa ingarman doki amalanken jaki. Ryzen 5 5600, wadda ta fito a 2022, tana da zuciya 6, an ƙiyasta zafinta a wat 65, tana kuma zuwa da fankarta a cikin kwali. Ta wadatar ga katunan da na ambata. Mazauninta shi ne AM4, wanda AMD ya fara fitarwa tun 2016, saboda haka madabod ɗinsa irin B450 da B550 sun yawaita a kasuwa. Sai dai a kula, tsohuwar B450 ba za ta gane wannan furosesa ba sai an sabunta mata manhajar da ake kira BIOS, don haka ka sa mai shago ya yi maka a gabanka. A ɓangaren Intel akwai Core i3-12100F ta 2022, mai zuciya 4, ita ma ba ta da laifi. Harafin F ɗin nan na ƙarshe yana nufin ba ta iya fitar da hoto da kanta. Haka ita ma 5600 take. Duk wanda ya sayi ɗayansu ba tare da kati ba, baƙin allo zai yi ta kallo.

Gaskiya ne akwai sabon mazauni, AM5, wanda ya fito a 2022, kuma shi ne mai sauran tafiya a gaba. Amma ba ya karɓar ma'adanar aiki sai DDR5, wadda ta fi DDR4 tsada. Wannan ya kawo mu ga abu na huɗu, wato RAM. Gigabait 16 ya isa, amma ka saye shi sanda biyu, 8 da 8, maimakon sanda ɗaya mai 16, domin furosesa tana ɗibar bayani ta hanya biyu a lokaci guda idan sandunan biyu ne. A ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda kamfanonin da ke gina manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun yi ta kwashe shi, don haka kada ka dogara da farashin da wani ya faɗa maka bara. Game da wurin ajiye wasanni kuwa, ka nemi SSD, ka bar tsohon faifai mai juyi don ajiye finafinai. Gigabait 512 ya isa a fara da shi, ko da yake wasu wasannin, kamar na jerin Call of Duty, ɗaya kaɗai yakan haura gigabait 100.

Yanzu na zo ga inda na faɗi, wato tukunyar wuta, akwatin da ke karɓar wutar bango ya rarraba ta ga sauran kaya. Lokacin da na gama sayen komai kuɗina sun kusa ƙarewa, sai wani mai shago ya miƙo mini wata tukunya da aka rubuta wat 700 a jikinta, ba sunan kamfanin kirki, a kan kuɗin da bai kai rabin na sauran ba. Da na ɗaga ta na ji ba nauyi, raina ya ɗan yi mini wasiwasi, amma araha ta rufe mini ido. Wata rana da dare aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, na ji ƙara kamar an fasa ƙwai, sai wari. Tukunyar ta mutu, ta kuma tafi da madabod. Sai da na yi wata bakwai kafin na sake kunna na'urar. Araha ba ta ado.

Ga lissafin da ya kamata in yi tun farko. Na'ura mai RX 6600 da Ryzen 5 5600 ba ta kai wat 300 ko da tana cikin tsananin aiki, AMD kuma ya ce tukunya mai wat 450 ta ishi wannan kati. Ke nan tukunya mai wat 550 ta sanannen kamfani, kamar Corsair ko Seasonic, ta fi mai wat 700 ta ƙarya. Za ku ga tambarin 80 Plus a jikin wasu. Ma'anarsa ita ce aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da tukunyar ta sha yana isa ga na'ura, ragowar ne ke zama zafi. Alama ce mai kyau, amma tsimin wuta take aunawa, ba ta ba da tabbacin kariya, masu jabu kuma sun iya buga ta. Ban da tukunya, ka ware kuɗin sitabilaiza ko UPS tun a cikin kasafin farko. Idan UPS ne, ka lura lambar VA da ke jikinsa ta fi yawan wat ɗin da yake iya ɗauka. Mai VA 650 yawanci bai kai wat 400 ba.

Shan wuta ma abin dubawa ne. Na'ura da allonta idan suna shan wat 250, cikin awa huɗu sun cinye yunit ɗaya. A watan Afrilu na 2024 aka kai farashin yunit zuwa Naira 225 ga masu rukunin Band A. Wanda kuma ke kan janareta ko batirin sola ya fi kowa sanin bambancin kati mai wat 132 da mai wat 185. Haka nan zafi da ƙura. Watan Afrilu a Kano ko Sakkwato zafi yakan haura digiri 40, hunturu kuma ya cika ɗaki da ƙura. Ka zaɓi akwati mai raga a gaba wanda iska ke ratsawa, ka bar mai gilashi da fitilu masu launi, ka ɗora shi a kan tebur, ka riƙa share ragar.

Saura batun kayan hannu, domin na san da yawanmu a can za mu ƙare, ko a Titin Beirut na Kano ko a kasuwar Computer Village ta Ikeja. Furosesa da RAM da akwati ba su cika lalacewa ba, ana iya sayensu na hannu. Tukunyar wuta kuwa sabuwa za ka saya. Katin hoto sai da gwaji. A watan Satumba na 2022 tsarin kuɗin Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙa, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya. Daga cikinsu akwai RX 580 na 2017, mai shan wat 185. Wani ma sunan kawai gare shi: na ainihi yana da ƙwayoyin aiki 2304, amma akwai mai 2048 wanda ƙarfinsa na RX 570 ne. Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, za ta nuna maka gaskiyar katin. Ka sa a kunna wasa mai nauyi na rabin awa a gabanka, ka duba ko hoto na yagewa, ko fanka na kuka, ka kuma karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin da za ka iya mai da shi. Wanda ya ƙi a gwada kayansa ya riga ya ba ka amsa.

Akwai kuma masu sayen tsohuwar kwamfutar ofis don su sa mata kati. Dabara ce mai sauƙin kuɗi, amma akwatinta matsattse ne, tukunyarta ƙarama, sau da yawa kuma wayoyinta na kamfanin ne shi kaɗai. Ban da haka, Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ya karɓar furosesar Intel ta ƙasa da zuriya ta 8 a hukumance. Kafin ka biya, ka tambayi zuriyarta.

To, wanda kuɗinsa bai kai na kati ba fa? Akwai mafita. Ryzen 5 5600G ta 2021 tana fitar da hoto da kanta. Da ita da sanda biyu na RAM za ka yi ƙwallo da Valorant da GTA V idan ka rage ƙawar hoto. Ba ta kai 5600 sauri a wasa ba, domin ma'adanarta ta ciki megabait 16 ce, ta waccan kuwa 32, amma za ka fara aiki yau, ka ƙara kati ranar da Allah ya hore, ba tare da ka jefar da komai ba. Sannu ba ta hana zuwa.

'Yan'uwana, roƙona na ƙarshe shi ne kada kowa ya taɓa kuɗin rajista ko ya ci bashi saboda wasa, kada kuma na'urar da aka saya da gumin iyaye ta zama sanadin maimaita aji. Takardar da na rubuta jerin kayan nan tana hannun sakataren ƙungiya ga duk mai son kwafa.  Allah ya ba mu ilmi mai amfani.