Jawabi Ga Hakimai Da Magatakardansu Game Da Horon Masu Ɓarna A Motocin Haya Da Jirgin Ƙasa

Tun zamanin da fatake ke bin ayari, lafiyar hanya ita ce ma'aunin adalcin sarauta. Malaman fiƙihu sun ware fashin hanya daga sauran sata, suka kira shi hiraba, horonsa kuwa ya fi tsanani. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, motoci kuma suka biyo baya, sai ayari ya koma cikin tarago da lori, amma haƙƙin matafiyi bai sake ba.

Dalilan tsananta horo a kan wanda ya cuci matafiyi guda uku ne. Na farko, wanda ke cikin mota tana gudu ba shi da mafita, ba ya kuma iya kiran maƙwabta. Na biyu, ya ba da amanar ransa da dukiyarsa ga direban da bai sani ba, saboda haka wanda ya yaudare shi da motar haya, kamar masu fashin nan da ake kira wan-cans a Abuja, ya haɗa fashi da cin amana. Na uku, ɓarnar ba ta tsayawa ga mutum ɗaya, gama in hanya ta yi mugun suna sai fatauci ya tsaya, kasuwa ta mutu.

Dokar ƙasa ta daɗe da lura da wannan. Kundin Final Kod na Jihar Arewa, wanda ya soma aiki cikin 1960, ya yanka ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga ɗan fashi, amma in a kan hanya ya yi fashin tsakanin faɗuwar rana da fitowarta, sai ya kai shekara 14. Bayan yaƙin basasa, cikin 1970, gwamnatin soja ta kafa dokar fashi da makami. Bisa ga wannan doka, wadda aka sabunta cikin 1984, fashi yana jawo ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba, in kuwa da makami ne, ko an ji wa wani rauni, hukuncin kisa ne. Cikin 2019 Jihar Katsina ta gyara nata kundin, ta sa hukuncin kisa ga masu sace mutane don neman fansa.

Duk da haka ɓarna ba ta ƙare ba. An soma harbe 'yan fashi a bainar jama'a a Ikko cikin 1971, fashi kuwa bai daina ba. Ran 28 ga Maris, 2022, da dare aka tare jirgin ƙasan da ya taso daga Abuja zuwa Kaduna, aka kashe aƙalla mutum 8, aka tafi da fiye da 60 cikin daji. Sai cikin Oktoba aka sako na ƙarshensu, jirgin kuma bai koma aiki ba sai Disamba. Abin da wannan ke nunawa shi ne, mugu ba ya tsoron yawan shekarun da ke rubuce a littafi in ya tabbata ba za a kama shi ba.

A nan ne aikin hakimai yake. Shari'a tana hannun kotu, kamu yana hannun 'yan sanda, amma sanin ƙasa da mutanenta yana hannun hakimi da dagaci da mai unguwa. Da ɗan gari akan ci gari: ba a tare hanya sai da mai ba da labari, da mai kai abinci, da mai sayen kayan sata. Saboda haka ana bukatar abubuwa huɗu.

Na ɗaya, hakimi ya san shugabannin direbobi da 'yan kamasho na kowace tasha a ƙasarsa, ya hore su kada a yi lodi sai a tasha, a kuma rubuta sunayen fasinjojin doguwar tafiya. Na biyu, in ɓarna ta auku, magatakarda ya rubuta rana da wuri da lambar mota da mazaunin kowane shaida nan take, domin matafiya sukan watse, shari'a kuwa ba ta tsayawa sai da shaida. Na uku, a rufa asirin wanda ya kawo labari, don kada ya zama abin farauta. Na huɗu, a hana jama'a ɗaukar doka a hannunsu. Wanda aka yi wa ihun ɓarawo a tasha, a miƙa shi ga 'yan sanda da ransa, gama gwargwadon nauyin horo, gwargwadon wajabcin tabbatar da laifi, kuma kisan wanda ake tuhuma shi kansa laifin kisan kai ne.

Ana roƙon hakimai su bayyana wannan ga dagatai da limamai da sarakunan kasuwa, su kuwa su isar wa talakawa. Allah shi kiyaye matafiya, shi ba ƙasa zaman lafiya, amin.