Hular Kwano Da Sauran Kayan Mai Zuwa Aiki A Kan Babur

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙungiya na wata-wata, a Mararaban Rido

 

An ɗora mini in yi magana a kan kayan da ya kamata mai zuwa aiki a kan babur ya tanada domin kare jikinsa. To ni dai ɗan kasuwa ne, sana'ata ita ce juya kaya a hannu in rarrabe na ƙwarai da jabu, saboda haka ta wannan fuska zan ɗauko maganar.

Kowa ya san irin zaman da muke yi a nan: gida a Mararaba, abinci kuwa a wani wuri. Wani Sabon Tasha yake sammako, wani Kakuri, wani Barnawa, wani har Kasuwar Shehu Abubakar Gumi. Ranar Alhamis a nufi Kasuwan Magani, masu harkar citta kuma su miƙa Kachia, wasu har Kafanchan. Matatar man nan da ke maƙwabtaka da mu a kan kilomita 16 take daga gari, wato mai shiga gari ya dawo kullum, kwana shida a mako, yana cin abin da ya doshi kilomita 200. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuwa, magidanta da yawa sun jingine mota sun koma babur, cikinsu har da dattawan da rabonsu da hawa tun zamanin samartaka. Kuma kwalta ɗaya muke bi da tirela da tifa da motocin itace da na gawayi. Idan aka yi karo, shi mai mota ƙarfe ne ke karɓar bugun kafin ya iso gare shi. Mai babur kuwa jikinsa ne bodin.

Farkon abin saye hular kwano ce, kuma a kanta zan daɗe. Manyan cikinmu sun tuna ranar 1 ga Janairu 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sanya ta. Abin ya zama wasa. Aka ga 'yan acaɓa da ƙoƙo a ka, wasu da bokitin fenti, wasu da tukunya, har labarin ya kai gidajen rediyon waje. Aka kuma baza jita-jitar cewa ana sa asiri a cikin hula, fasinja yana sawa sai ya ɓace. An yi dariya an watse, amma abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne hular nan ta jami'in hanya ce, ana sa ta idan an hango shi, a rataye ta a madubi idan an wuce. Dokar tana nan, ta hau kan mai tuƙi da wanda ya goya. Sai dai ni ba don tara nake magana ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hular da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Wanda ya karye a ƙafa, akwai mai ɗori, akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta bugu, ko an kai shi Shika ya rayu, sau da yawa ba mutumin da iyalinsa suka sani ne ke dawowa gida ba.

Na san za a ce ai ajali idan ya zo babu hular da za ta tare shi. Gaskiya ne, babu mai musu. Amma ga malamanmu nan a zaune, su suka karantar da mu cewa ranar Uhudu sulke biyu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya, kuma ranar buɗe Makka da kwalkwali a kansa ya shiga. Wa ya fi shi tawakkali? Mu kanmu abin ba baƙonmu ba ne. Wanda ya taɓa kallon hawan salla a Zariya ya ga 'yan lifidi da 'yan kwalkwali. Kakanninmu ba su hau doki zuwa fagen daga da kai a buɗe ba.

To yaya ake gane ta ƙwarai? Kada fenti da sitika su ruɗe ka. Kifa ta, ka ɗaga yadin da ke ciki ka duba. Tsakanin ƙoƙon waje da kanka dole a sami wani farin abu mai tauri, irin wanda ake tallafe sabuwar talabijin da shi a cikin kwali, kaurinsa wajen inci ɗaya. Shi ne hular. Idan an faɗi, shi ke lotsewa ya shanye bugun, ƙoƙon waje kuwa aikinsa ya hana huda, ya kuma bar kai ya zame a kan kwalta. Idan ka danna da babban yatsa ka ji soson katifa ne mai laushi, ko ka ji babu komai sai roba, ajiye ta, ko nawa aka rage maka. Sannan ka auna ta a hannu. Ta ƙwarai mai rufe fuska takan kai kilo ɗaya da ɗoriya, wajen kilo ɗaya da rabi. Wadda ka ɗaga ka ji kamar kwanon sha, kwanon sha ce. Ka kama gefe da gefe ka matsa, idan ta lanƙwashe cikin sauƙi ba kaya ba ce.

Akwai kuma hular magina, mai ruwan ɗorawa ko fara, wadda na ga ƙannenmu da yawa suna yawo da ita. An yi ta ne domin bulo ko guduma da za ta faɗo daga sama. Ba ta da wancan farin abu, ba ta rufe ƙeya da kunne, kuma kafin mutum ya kai ƙasa ta riga shi tashi.

Game da tambari, za ku ga an rubuta DOT a ƙeya, wato ma'aunin Amurka, ko ISI na Indiya, ko kuma harafin E a cikin da'ira tare da lamba, wanda shi ne na Turai, kuma a jikin igiyar haɓa ake ɗinka shi. Wanda aka ɗinka ya fi wanda aka manna wuyar kwaikwayo, amma mu 'yan kasuwa mun san sitika ba ta da tsada. Tambari shaida ce ta biyu, hannunka da idonka su ne na farko.

Sai awo. Hula ba a sayenta da aike. Ka sa tela ya zagaya kanka da tef ɗinsa daidai saman gira, abin da ya bayar a santimita shi ne lambarka, galibi manya suna faɗawa tsakanin 55 da 62. Ka sa ta a gaban mai shago, ka ɗaure, ka girgiza kai. Idan tana juyawa ita kaɗai ta yi yawa. Ka sa hannu ta ƙeya ka tura ta gaba kamar za ka tuɓe, idan ta fita a ɗaure, to haka za ta fita ranar da ake bukatarta. Sabuwa gara ta ɗan kama kumatu, domin tana sakewa da amfani. Igiyar kuma a ja ta har yatsa biyu kawai ke shiga ƙarƙashin haɓa. Wallahi rabin hulunan da nake gani tsakanin nan da Sabo igiyarsu lilo take yi. Wani kuma ya ɗora ta bisa zanna bukar, ta tsaya can sama kamar gammo. Haba Alhaji! Ninke hular ka sa a aljihu ko a jaka, ka sauka ka kafa abarka. Idan don zufa ne, ko hular ta haya ce kana ƙyamar ƙyasfi da amosani, shimfiɗa hankici mara kauri ya wadatar.

A ganina mai bin hanyar Kachia kullum ya sayi mai rufe haɓa, domin mai babur yawanci da fuska yake sauka, kuma haɓa da muƙamuƙi suna cikin wuraren da suka fi shan bugu. Na san akwai zafi, musamman a watan Maris da Afrilu. Ka nemi mai ƙofofin iska, kuma fara, ba baƙa ba. Idan ka san mai rufe haɓa za ta dame ka har ka riƙa barin ta a gida, to sayi mai rufe kunne da ƙeya wadda za ka iya sawa kullum, ta fi mai tsadar da ke rataye a ƙusa. Gilashin gaba ya zama garau. Baƙin gilashi yana da daɗi da rana, amma mu da magariba muke dawowa, lokacin da ƙwari ke tashi, ga hazo idan hunturu ne. Idan ka iso shingen jami'an tsaro kuma ka ɗaga gilashin tun daga nesa, a ga fuskarka, a rabu lafiya.

Gwanjo fa? Jaket ta gwanjo, takalmi na gwanjo, duk ina goyon baya. Hular kwano kam a'a. Wancan farin abu sau ɗaya yake aiki. Idan ya lotse ba ya tasowa, kuma daga waje ba a gani. Ba ka san inda ta faɗi ba kafin ta shigo dila. Haka taka, idan ka yi haɗari kanka ya bugu da ita, ta gama aikinta ko da ba ta tsage ba. Masu ƙera ta ma sukan ce a canza bayan kimanin shekara biyar. Kuma kada wani ya ce tunda ya sa hula ya samu lasin gudu: gwajin da ake yi mata a Turai bugu ne na gudun da bai wuce kilomita 30 a awa ba.

Bayan kai sai ƙafa. Silifas da babur ba sa haɗuwa. Yana zamewa a kan burki idan an yi ruwa, yana tsinkewa wajen tayar da inji, ga salansa tana jira a dama. Takalmi sau-ciki mai kaurin ƙasa, wanda ya haura idon sawu, shi ake so. Irin na ma'aikatan kamfani da ake samu a gwanjo ya isa, sai dai a cusa igiyarsa ciki. Mai son fita kunya a ofis ko a shago ya ajiye takalmin adonsa a can. Safar hannu kuma ta fata, ba ta ulu ba. Duk wanda ya faɗi tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa, kuma da hannun nan ake awo, ake ɗinki, ake ƙirga kuɗi.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu fiye da sauran maƙwabtanmu, wato sutura. Mu mutanen babbar riga ne da jallabiya da dogon hijabi, kuma tayar baya ba ta san girman kowa ba. Da zarar leɓen riga ko bakin mayafi ya shiga sarƙa ko wayoyin taya, naɗewa yake yi ya fizgo mutum ta baya, idan mayafi ne kuma ta wuya. Iyayenmu mata, ku yi haƙuri, ba cewa nake a rage sutura ba. A tattara ta ne, a zauna a kai, a riƙe saura a cinya, kuma maigida kada ya ja sai ya waiwaya ya duba. Murfin sarƙar nan da samari ke cirewa wai don gayu, a mayar da shi. A Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS ɗin da muke hawa, doka ce a sa raga a gefen tayar baya saboda zanen matansu. Kowane mai walda a nan zai iya yi maka irinta. Babbar riga kuwa a ninke ta a jaka, a ɗora jaket mai kauri, ta jins ko makamanciyarta, a kan kaftani. Ta leda mai santsi tana tare iska da ruwa, amma a kan kwalta yagewa take yi nan take.

Uwargida da yaron da ake kaiwa makaranta su ma kai gare su. A Kigali ta ƙasar Ruwanda kowane ɗan acaɓa da hula biyu yake yawo, tasa da ta fasinja, kuma ba su fi mu kuɗi ba. Ta yaro sai an auna kansa, ta babba a kan yaro ba ta tsare komai.

Abu mafi araha na bar shi a ƙarshe, shi ne rigar nan mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya. Mai fita bayan asuba cikin hazo, ko mai dawowa daga Kujama da dare, direban tirela ba ya ganinsa sai ya zo dab. Wani bincike da aka buga a 2004 daga ƙasar Niyu Zilan ya samu cewa masu sa kaya masu ƙyalli haɗarinsu ya ragu da kashi 37 cikin 100, masu farar hula kuma da kashi 24 idan an gwada da masu baƙa. A haɗa da gyara danja, a bar fitila a kunne ko da rana. Idan kuma, Allah Ya kiyaye, kun tarar da wanda ya faɗi, kada a fizge hular daga kansa, domin wataƙila wuya ya taɓu. A ɗaga gilashin ya sha iska, a kira hukumar kiyaye haɗurra a lamba 122.

Shugaba, ina da shawara ga ƙungiya. Hular ƙwarai ɗai-ɗai tana da tsada, amma a katan farashin sari ne. A naɗa mutum uku, ɗan kasuwa ɗaya, bakanike ɗaya, da ɗaya daga cikin masu zuwa aiki, su shiga gari su duba kaya da hannunsu, su kawo samfuri biyu ko uku a zama mai zuwa. Wanda ba zai iya biya lokaci ɗaya ba a yi masa adashi na wata uku. Na yi magana da tela, zai zo da tef. Mai so ya ba sakatare sunansa da awon kansa, da na uwargida idan yana goya ta.

Allah Ya kai mu wuraren nemanmu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.