Jawabin Tunawa da Masu Ribaɗin Ƙasar Ruma

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban Halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waliyyan Allah baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa Ƙadirawa sun sake haɗuwa a wannan wata mai albarka na Rabi'us Sani domin tunawa da Shehu Abdulƙadir Jilani (RA), wanda ya yi wafati a Bagadaza a shekara ta 561 bayan Hijira, daidai da 1166. Tun da taron ya kasance a ƙasar Ruma, ya dace a haɗa da ambaton mazajen da suka tsare wannan ƙasa, da malaman da suka yi masu tarbiyya.

Kalmar ribaɗi ita ce ta haɗa su. A wajen malaman fiƙihu, ribaɗi shi ne zama a bakin iyaka domin kare jama'a. A wajen sufaye kuwa, ribaɗi shi ne wurin da muridi yake tsare zuciyarsa daga son rai. Ayar ƙarshe ta Suratu Ali Imrana ta haɗa umarnin ribaɗi da haƙuri da taƙawa. Haka nan hadisin da Imam Tirmizi ya ruwaito ya yi bushara ga idanu biyu a tare: mai kuka saboda tsoron Allah da mai kwana yana gadi domin Allah.

Magabata sun fahimci wannan sarai. Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Baƙadire ne mai wuridi. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ya raya sunnar gina garuruwan ribaɗi, har ya tare a ribaɗin Wurno, inda ya rasu a 1837. A Katsina, bayan Malam Ummarun Dallaje ya karɓi mulki a 1807, zuriyar sarakunan da suka gabata ta kafa Maraɗi, kuma yaƙe-yaƙe suka ci gaba tsakanin ɓangarorin biyu har ƙarshen ƙarnin. Wannan ne ya mayar da Ruma, a gefen Dajin Rugu, ƙasar bakin daga. A nan aka yi barde irin Muhammadu Ɗanwaire, wanda har yau ake ba da labarin jaruntakarsa. Bayansa akwai ɗaruruwan manoma da makiyaya da maharba da suka kwana a kan ganuwa, tarihi bai riƙe sunayensu ba, amma Allah Ya san su.

Jarrabawa ta sake dawowa ta wannan daji. Mutanen Batsari da Safana sun ɗanɗana ɗacin hare-haren 'yan bindiga, da satar shanu, da garkuwa da mutane. A watan Fabrairu na 2020 an kashe kimanin mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙaramar hukumar Batsari. A watan Oktoba na 2023 gwamnatin Malam Dikko Umaru Radda ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, aka ɗauki matasa daga garuruwan da abin ya shafa. Sojoji da 'yan sanda da 'yan sintiri da dama sun kwanta dama a wannan aiki, sun bar zawarawa da marayu.

Darasin da magabata suka bari shi ne, wanda bai tsare zuciyarsa ba ba zai iya tsare gari ba. Makami a hannun mai fushi wuta ce a cikin karmami. Shari'a ba ta yarda a kama wani da laifin wani ba. Ba a ƙona ruga saboda ɓarawo ya bi ta kusa da ita, ba a kuma kashe mutum a kasuwa saboda harshensa ko kamanninsa. Jama'ar Shehu ta ƙunshi Hausawa da Fulani da Buzaye a sahu ɗaya. Katsinawa da Maraɗawa da suka yi shekaru suna gwabzawa, yau jikokinsu suna auratayya, suna cin kasuwar Jibiya tare. Ramuwar gayya a kan marar laifi ba ta haifar da komai sai sabon abokin gaba.

Saboda haka girmama waɗannan mazaje yana da haƙƙoƙi uku a wuyan ikhwani. Na farko, kowace zawiyya ta san marayun masu gadin da ke unguwarta, ta ɗauki nauyin karatunsu da abincinsu gwargwadon hali. Na biyu, muƙaddamai su jawo matasan da ke sintiri zuwa halƙar zikiri da darasin fiƙihu, domin su san iyakar da Allah Ya gindaya a kan jini da dukiya. Na uku, kada muridi ya sayi dabbar sata, ko ya zama ɗan rahoton ɓarayi, ko ya yaɗa jita-jitar da za ta jawo zubar da jini.

Allah Ya jiƙan masu ribaɗin Ruma na da da na yanzu, Ya haskaka makwancin shehunai da malamai, Ya shiryi waɗanda suka ɓata, Ya mayar da manomi gonarsa da makiyayi mashayarsa cikin aminci, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin summa amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.