Mazubin ruwan zomo da 'yan tsaki: wanda za a zaɓa da yadda za a wanke

Na san wasu daga Dabai suka tako, wasu daga Rikoto da Senchi, kuma kowa ta baro aiki a gida, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Da yawa cikinmu idan suka karɓi rance daga akwatin ƙungiya, ƙaramin kiwo suke kamawa: zomaye, tattabaru, ɓeran masar, ko 'yan tsakin kaji da na zabi. Sai a kashe kuɗi wajen keji da dusa da magani, amma mazubin ruwa, ko wane gwangwani aka tsinta a bayan ɗaki shi ke nan. To, dabbar da ke sake a tsakar gida idan ruwa bai yi mata ba tana neman wani. Wadda ke cikin keji kuwa, abin da kika ajiye mata shi za ta sha, mai kyau ko marar kyau. In ta mutu, ranar biyan bashi ba ta ɗagawa.

Akwai wata magana da ke yawo wai zomo ba ya shan ruwa, ɗanyen ganye ya ishe shi. Don Allah mu bar wannan magana. Babban zomo yakan sha kamar rabin ledar fiya wata a yini, zomanya mai shayarwa kuma tana iya shanye leda biyu, musamman a zafin Maris da Afrilu. Idan ta rasa ruwa nononta ya ƙafe, 'ya'yan su bi ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ma ita da kanta za ta cinye su. Kin jira wata guda tana ɗauke da ciki, sai kofin ruwa ya jawo miki asara. Kaza ma haka take, ruwa na yankewa ƙwai ke yankewa.

Yanzu wane mazubi ya dace? Ni dai ga zomo na fi son kaskon yumɓu mai faɗin gindi, irin wanda maginan tukwanenmu ke yi. Yana da nauyi, zomo ba ya iya kifar da shi, kuma yana sanyaya ruwa kamar randa. Amma da zarar ya tsage a yar da shi, domin dattin da ya shige cikin tsaga ba ya fita da wanki. Gwangwanin tumatir ko na madara yana tsatsa, bakinsa na yanka, kuma ko ɗan zomo ya taka shi ya zube.

A shagunan kayan kaji ana samun gora mai bakin ƙarfe da ɗan ƙwallo a ciki, dabba na lasa ruwa na ɗigowa. Tana da kyau, don kashi da dusa ba sa faɗawa ciki. Sai dai a ɗaura ta ta wajen raga, bakin kaɗai ya leƙa ciki, in ba haka ba zomo da ɓeran masar za su gwaigwaye robar. Kuma tana da yaudara. Lakar ruwan rijiya na iya toshe ƙwallon, ki ga gora cike ki ce ai akwai ruwa, alhali dabba tun jiya ba ta samu ko ɗigo ba. Kowace safiya ki taɓa bakin da yatsa, in yatsan bai jiƙe ba to ta toshe. Ranar da kika fara sa ta kuma kada ki ɗauke kasko sai kin ga da idonki dabbar ta iya sha.

'Yan tsaki matsalarsu daban. Kwano mai zurfi rijiya ne a wurinsu, ko su nutse ko su jiƙe sanyi ya kama su, 'yan zabi ma sun fi rauni. Ki sami robar lemo, ki huda ƙaramin rami kusa da bakinta, ki cika ta da ruwa ki rufe, ki kifa ta cikin faranti marar zurfi ki ɗaure ta a jikin raga, ramin ya zama yana ƙasa da leɓen farantin. Ruwa zai riƙa fitowa daidai yadda suke sha. In ba ki da wannan, zuba tsakuwa wankakkiya a faranti su sha ta tsakanin duwatsun. Tattabara ita kuma tsoma baki take ta zuƙa, ba ta ɗaga kai kamar kaza, saboda haka nata ruwan ya kai zurfin gaɓar yatsa biyu.

Abu ɗaya ne ba na sassauci a kansa: jarka ko gorar maganin feshi. Ƙasarmu ta Zuru ƙasar noma ce, bayan damina kowane gida akwai robar maganin ciyawa ko na ƙwari a yashe, ga ta da ƙwari ga murfi mai kyau. Ko sau nawa kika wanke, roba ta riga ta sha maganin. Kada ki zuba wa dabba ruwa a ciki, kada ki ɗebo ruwan gida da ita. Haka gwangwanin fenti da na baƙin mai.

To sai wanki, wanda shi ne ainihin abin da ya tara mu. Ki sa yatsa ki shafa cikin kaskon da ya kwana biyu ba a wanke ba, za ki ji santsi kamar yauƙin kuɓewa. Wannan santsin gidan ƙwayoyin cuta ne, kuma zubar da tsohon ruwa a ƙara sabo ba ya taɓa shi, sai an dirje. Akwai cutar hanji da ke sa 'yan zomo zawo da kumburin ciki, 'yan tsaki kuma su yi kashi da jini su sake fukafukai. Ƙwayarta a kashi take fitowa, amma ba ta kama wata dabba nan take, sai ta sami kwana ɗaya ko biyu cikin laima ta nuna. Kun ga dalili ke nan da ya sa wankin kullum ya fi maganin da za a saya daga baya: kin kwashe ta kafin ta nuna.

Kowace safiya a zubar da ragowar ruwa nesa da keji, a dirje da soso da sabulu ko toka, a ɗauraye sosai. Soson kiwo daban, na kwanukan abinci daban. Gora mai ƙaramin baki da hannu ba ya shiga, a zuba yashi mai tsabta da ruwa kaɗan, a rufe a girgiza da ƙarfi, zai kankare gansakukar da ta yi kore a ciki. Bakin ƙarfen kuma tsohon buroshin haƙori ya isa. Rana ce ke haifar da gansakuka a farar gora, don haka a rataye ta ta ɓangaren inuwa.

Sau ɗaya a mako, a ce ranar zubin adashi don kada a manta, a yi babban wanki. Kasko da kayan ƙarfe a kwara musu tafasasshen ruwa, shi ne ya fi kashe ƙwayar zawon nan. Roba kuwa zafi na lanƙwasa ta, sai a jiƙa ta minti 10 cikin ruwa lita 2 da cokali ɗaya na Hypo ko Jik, a ɗauraye har warin ya tafi, a kife a rana ta bushe. Kada a haɗa Hypo da wani maganin wanki, kuma a ɗaga shi inda hannun yara ba ya kai. Mai hali ta mallaki mazubi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shan rana.

Masu kaji ku riƙe wannan: ranar da za a ba da rigakafi a ruwa, irin su Lasota, mazubin kada ya kasance da ɓurɓushin sabulu ko Hypo, domin suna kashe rigakafin, kuɗi ya tafi a banza. Dabbar da ta fara ciwo a ware ta da mazubinta, shi ne na ƙarshe a wanki, sannan ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa tukunya ko goyo. In mutuwa ta fara yawa a nemi malamin dabbobi, ga shi ma muna da jami'ar aikin gona ta tarayya a nan Zuru.

A zama mai zuwa kowace mai kiwo ta zo da mazubinta yadda yake, kada a wanke don za a kawo. Za mu zagaya da su mu sa yatsa, kuma zan zo da robar lemo da ƙusa mu haɗa na 'yan tsaki tare. Mai tambaya ta ɗaga hannu.