"Ta fi ƙarfina": inda mashayi ke fara samun sauƙi

Yau da kai nake, ɗan'uwa, kai da ka sauke albasa ko shanu a Abijan, kuɗi suka shiga aljihu, dare ya same ka a mashaya a Treichville. Can gida ba wanda ya san kana sha. Nan kuwa ba baba, ba limamin unguwa, ga kutuku, barasar nan da ake dafawa daga bammi, kofi guda bai kai kuɗin farantin garba ba.

Na san abin da kake faɗa wa kanka: in na ga dama gobe sai in bari. To, gobe nawa ta wuce? Wanda ya kora garke daga Maradi har bakin teku ba ya son a ce wani abu ya kayar da shi. Wannan taurin kan ne ke riƙe maka kwalbar. Ranar da ka iya buɗe baki ka ce "abin nan ya fi ƙarfina", ranar ce za ka yarda a taimake ka.

Ba yau aka gano haka ba. A 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous. Matakin farko cikin matakansu 12 shi ne mutum ya amsa ba shi da iko a kan giya, rayuwarsa ta kuɓuce masa. Lura fa, har likita ta kayar.

Amma kada ka yanke sha dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. In jiki ya saba da sha kullum, kwana biyu zuwa uku bayan dainawa ana iya samun karkarwa, gumi, gane-gane, har farfaɗiya, kuma tana kisa. Ba aljanu ba ne, aikin likita ne. A Williamsville, cikin Adjame, akwai cibiyar Croix-Bleue mai kula da masu shaye-shaye. In abin ya taso da gaggawa, ga babban asibitin Treichville.

Kafin ka je, sami mutum ɗaya da ka amince da shi, maigidan masauƙinka ko abokin tafiya, ka faɗa masa gaskiya. Ka damƙa masa kuɗin cinikin ya riƙe, ya kuma raka ka.