Wa Muke Bar wa Majinyatanmu a Gida?

Da sakatare ya ce in yi jawabi a taron bana, na gaya masa ni ba likita ba ne, aikin ofis na yi har na yi ritaya. Ya ce ai labarin jinyar mahaifina yake so in bayar. To, ga shi, ko da yake ba labarin da zan yi alfahari da shi ba ne.

Baba, Allah ya ji ƙansa, hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallame mu daga asibiti, sai muka yi abin da yawancinmu kan yi. Ina Kaduna wurin aiki, ƙannena mata suna gidajen mazajensu, Inna kuwa ƙarfinta ya ƙare. Muka aika ƙauye aka kawo wani saurayi mai ladabi, muka yanka masa albashi, muka ce ga Baba nan. Ba wanda ya koya masa komai, don mu ma ba mu san akwai abin koyo ba. Duk ƙarshen wata nakan zo, in tarar da ɗaki a share, ga ƙamshin turare, Baba cikin farar riga. In yi gaisuwa, in ajiye kuɗin magani, in koma hankalina kwance.

Wata 'yar ajinmu, ma'aikaciyar jinya, tana nan zaune cikinku, ita ce ta zo dubiya ta ce a juya mata shi. Abin da na gani a ƙasan bayansa har yau yana hana ni barci: gyambo ne wanda ya ci nama ya yi rami. Yaron ya gan shi tun yana ƙarami, amma tsoron faɗa ya sa yake ta shafa masa man zafi yana rufewa da zane.

Ranar ta zaunar da mu ta yi mana darasi. Wanda ba ya iya motsi, in ya daɗe a kwance ta gefe guda, nauyin jikinsa kan matse fata a kan ƙashi har jini ya daina isa wurin, naman ya mutu. Don haka ake juya shi kamar kowane awa 2, dare da rana, a duba ƙugu da diddige da kafaɗa da ƙeya, kada kuma a bar shi cikin jiƙaƙƙen zane. Ta ce kada a ba shi kunu ko ruwa yana kwance, domin shanyewar jiki takan taɓa haɗiya, abinci ya sarƙe shi ya gangara huhu ya zama ciwo. A zaunar da shi, a ba shi kaɗan-kaɗan, a bar shi a zaune kamar minti 30 bayan ya gama. Magani kuma a rubuta lokacinsa a littafi, wanda ya bayar ya sa hannu.

Malam, kana tuna duban ɗakin kwana na ranar Asabar? Mu gyara gado ya yi sumul, kai kuwa ka zo ka ɗaga katifa ka zaro ƙazamin kwano. A lokacin mugunta muke ɗaukar abin. Ni dai wata 3 ina zuwa duba Baba ban taɓa ɗaga zane ba.

Ban ga laifin yaron nan ba. Mutum ɗaya muka ɗora wa aikin awa 24, babu hutu, babu mai canjinsa. Wanda bai yi barci ba, ta yaya zai tashi ƙarfe 2 na dare ya juya wani? Daga baya muka ɗauki na biyu suna karɓa-karɓa, muka kuma sa ma'aikaciyar jinya tana zuwa wankin gyambon. Sai da aka yi watanni kafin ya rufe.

Yanzu a manyan garuruwa akwai kamfanoni masu turo mai jinya gida. Wasu na da kirki, amma farar riga kowa na iya ɗinkawa. In an ce muku nas ce, ku nemi ganin lasisinta na Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya. Ku tambayi gidan da ta yi aiki a baya, ku je ku ji daga bakinsu. Ku riƙa shigowa ba sanarwa, ku kuma keɓe da majinyacin ku tambaye shi yadda ake yi da shi, don tsoho kan ɓoye tsawa da zagi saboda kunya ko gudun a bar shi shi kaɗai. Gwamnati ta sa hannu a dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, amma ba ta da ma'aikacin da zai shiga ɗakin mahaifinka ya juya shi.

Roƙona ga shugaba shi ne wannan. Muna da likitoci da ma'aikatan jinya cikinmu, wasu sun yi ritaya. A ware rana guda kafin taro mai zuwa su koya wa masu kula da majinyatanmu juyawa da wanka da ciyarwa, malamanmu da ke kwance a gida su zama na farko da za a kai wa. 'Yar ajinmu ta amince za ta jagoranta. Takarda na bakin ƙofa, mai majinyaci a gida ya rubuta sunansa da unguwarsa kafin a tashi cin abinci.