Zo Mu Zauna, Zo Mu Saɓa: Jawabi Kan 'Ya'yanmu Masu Haɗa Kuɗin Haya a Birni



Kowace shekara bayan kaka, yaranmu daga Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa sukan hau mota zuwa Kano, waɗansu karatu a Jami'ar Bayero ko kwalejin ilimi, waɗansu koyon sana'a ko neman aiki. Ɗaki a birni ya fi ƙarfin mutum ɗaya, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 komai ya yi tsada. Saboda haka sukan haɗu biyu ko uku su kama ɗaki ɗaya. Wannan abu ne mai kyau, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma sau da yawa ƙarshen zaman yakan dawo gaban kwamitin dattawa.

Ga yadda abin yake faruwa. A birni akan biya kuɗin shekara tun kafin a shiga, sunan mutum ɗaya kuma ake rubutawa a rasit. A ce kuɗin naira 150,000 ne, mutum uku, kowa 50,000. Shekara ta zagayo, ɗaya ya koma gida noma bai ce wa kowa komai ba. Sauran biyun yanzu 75,000 ne a kan kowannensu. Mai gida kuwa bai san zumunta ba, wanda sunansa ke rasit shi ya sani, shi zai kama. Mun ga uban da ya sayar da masarar da iyalinsa za su ci don ya fitar da ɗansa kunya, yau shi da uban wancan yaron suna sujada a majami'a ɗaya amma ba sa gaisawa.

Littafi Mai Tsarki bai yi shiru a kan wannan ba. Karin Magana 22:26-27 ta gargaɗi mai tsaya wa wani bashi cewa har shimfiɗarsa yana iya rasawa. Manzo Bulus da kansa ya zauna shekara 2 a gidan haya a Roma (Ayyukan Manzanni 28:30). A Galatiyawa 6 kuma ya koya mana abu biyu tare: a aya ta 2, taimakon juna da nawaya, a aya ta 5, kowa da nasa kayan. Yaron da ciwo ya kwantar ko aka sallame shi daga aiki, nawaya ce ta same shi, sai mu tallafa. Amma wanda ya cinye kuɗin hayarsa ya bar wa abokansa, ya guje wa kayansa ne, tsautawa yake bukata.

Don haka muna ba da shawara huɗu.

Na ɗaya, a roƙi mai gida ya sa sunan kowa a takardar haya, kowa ya riƙe kwafinsa.

Na biyu, su rubuta tsakaninsu abin da kowa zai biya na haya, wuta, ruwa da gyara, da watan da za a fara tara kuɗin shekara mai zuwa. Dattijo ɗaya ya sa hannu shaida. Rubutu ba rashin amincewa ba ne, tsare zumunta ne.

Na uku, mai niyyar tashi ya faɗa tun da sauran wata uku, a nemi wanda zai maye gurbinsa da sanin mai gida.

Na huɗu, iyaye su san abokan zaman 'ya'yansu, fasto kuma ya ba yaron wasiƙa zuwa ikilisiyar da zai shiga a birni.

'Yan'uwa, mu kaɗan ne a wannan yanki, idanu kuwa suna kanmu. Idan ɗanmu ya gudu da kuɗin haya, ba za a ce wane ba, za a ce Kirista. Wake ɗaya ke ɓata gari, gobe a hana wani yaronmu ɗaki. Amma idan ya biya a kan lokaci, ya bar ɗaki da tsabta, ya yi wa'azin da mu ba mu da ƙofar shiga mu yi.

Kafin motocin bana su tashi, bari kowane dattijo ya zauna da matasan ikilisiyarsa a kan wannan magana. Ubangiji ya ba mu hikima, ya tsare 'ya'yanmu. Amin.